Fanke ko Fanko

A shekarun mulkin soja, lokacin da rediyo ke ce mana kullum mu ƙara tsuke ɗamara kamar ƙugunmu na roba ne, ina koyar da Turanci a wata sakandare kusa da Makarfi. Gidajen malamai a jere suke, katanga ɗaya ce tsakanina da matar malamin lissafi, wata 'yar kudancin Kaduna da kowa ke kira Maman 'Yan Biyu. Ita ta karɓe ni da na zo ban san kowa ba. Ita ke kwashe mini shanya idan hadari ya taso ina aji, ita ke raɗa mini ta katanga ranar da sabulu ya iso shago. Ban da ita, ba ni da abokiyar hira a layin nan.

Da Kirsimeti ta aiko mini da shinkafa da kaza a cikin langarta mai murfi, wadda ba ta fitowa sai ranar girma. Shinkafa kuwa a lokacin sai dai a ji labarinta. Muka ci, na wanke langa, na goge, sannan damuwa ta fara, domin kwanon maƙwabta ba a mayar da shi wayam. A gidana kuma babu komai sai garin masara da kuka da daddawa, irin waɗanda ita ma take gani safe da yamma.

Langa ta zauna a kan kabad tana kallona, makonni suna wucewa. Gaisuwar Maman 'Yan Biyu ta fara ramewa. Da can sai ta tambayi mahaifiyata da ke Kudan, da ciwon gwiwarta, da labarin daminarsu. Sai mahaifiyata ta fita daga gaisuwar. Sannan gwiwa da damina suka bi ta. Aka wayi gari saura “Ina kwana, Malama” kawai. Ni da nake koya wa yara taƙaita labari, na san gwanar taƙaitawa idan na ji ta.

Ana cikin haka maigidana ya wuni a layin kayan masarufi, ya dawo da 'yar fulawa da gwangwanin bota. Madara ta ƙare kafin layi ya zo kansa. Na auna fulawar da ido: idan cincin na yi, ko gindin langa ba zai rufe ba. Sai na tuna wani abu da wata tsohuwar Baturiya ta koya mana a kwalejin horon malamai. Sunansa shu, wai kabeji ke nan da Faransanci, saboda yadda yake kumbura ya yi tudu-tudu. Ba ya son yis, ba ya neman sukari, fulawa kaɗan ta ishe shi. Ƙwai ne abincinsa, tururi kuma shi ke hura shi. An ce sarakunan Turai ne ke cin sa, amma ni ban taɓa ganin abincin da ya dace da zamanin tsimi kamarsa ba. Ƙwai kuwa akwai, wata gwaggon maigidana ta aiko mana daga Paki.

Na ɗora ruwa da bota da ɗan gishiri. Da suka tafasa na juye fulawar gaba ɗaya, na sa muciya na shiga tuƙi har ƙullun ya saki tukunya ya dunƙule. Maigidana ya leƙo.

“Malama, fulawar da na sha rana a kanta ce kike tuƙa tuwo da ita?”

“Tuwon Faransa ne.”

“To, Allah ya sa suna da miya.”

Da ya huce na riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ina tuƙawa, har ya yi santsi yana sheƙi. Tanda ta zamani ba mu da ita. Babbar tukunya na zuba wa yashi, na ɗora faranti a kai, na jera ƙullun cokali-cokali, na rufe, na zuba garwashi a kan murfi. Dokarsa ɗaya ce, kuma ta fi ta soja tsanani: ba a buɗewa. Wanda ya leƙa kafin lokaci zai tarar duk sun sace kamar tayar keke.

Suka fito jajaye, manya, marasa nauyi. A ƙa'ida ana huda su a ɗura musu haɗin madara, amma madara tana hannun waɗanda suka riga mu sammako. Na ce a raina ai ko haka ma ado ne. Na cika langa har murfi yana ɗagawa, na kai da kaina. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, na dawo ina jin kamar na gama duba jarrabawar aji uku.

Washegari da la'asar ta yi sallama ta shigo. Ta ƙi zama. A tafin hannunta akwai guda ɗaya, an raba shi biyu.

“Malama, fanke kika kawo mini ko fanko?”

Wasali ɗaya ne tsakaninsu, kuma ban taɓa jin an yi wa shu bayani mafi daidai ba. Amma fuskarta ba ta wasa ba ce.

“Na fasa na farko, ba komai. Na ce kuskure ne. Na biyu, ba komai. Baban 'yan biyu ya ce in ci gaba, ya zauna yana dubawa, ya ce duk amsar sifili ce. Idan magana ce, ki faɗa mini da baki. Na san kazar da na aiko miki tsohuwa ce, ƙashi ya fi nama. Amma ita kaɗai na iya yankawa.”

“Haba, Maman 'Yan Biyu. Wallahi haka ake yin sa. Ramin shi ne gwanintar.”

“Rami ne gwaninta.”

“Idan bai yi rami ba, ya lalace.”

“To ina cikin ya tafi? Ko kun ƙwaƙule kun ci, kuka aiko mini da ɓawo?”

Na kawo Faransa, na kawo tsohuwar Baturiya, na kawo kimiyyar tururi. Ta saurare ni irin sauraron da nake yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida. Na ga dai idan ta fita a haka, katangar nan ta zama katanga ta gaske. Fulawar da ta rage ba ta fi kofi ba, maigidana ya sa mata ido saboda fanken ranar Juma'a. Na ɗauko ta.

“Zauna ki gani da idonki.”

Ta ce da ƙwan kajinta za a yi, don kada ya zamana na Paki ne ke da siddabaru. Ta je ta kawo. Ta ja kujera ta zauna dab da murhu, ta karɓi muciya ta tuƙa da kanta tana cewa wannan ai tuwo ne, Turawa sun dai rasa masara. Kowane cokali na ajiye sai ta danna shi da yatsa ta tabbatar a cike yake. Da aka rufe tukunya ta miƙa hannu za ta leƙa, na riƙe. Ta sake miƙawa, na sake riƙewa.

“Kin gani? A nan ne kike yin abin.”

“Hannuna biyu suna kan naki, da me zan yi?”

Da lokaci ya yi ita ta ɗaga murfin. Ta ɗauki ɗaya da gefen zaninta, ta fasa. Tururi ya fita, ya bar ɗaki wayam a cikinsa. Ta leƙa ciki, ta juya shi, ta duba ƙarƙashin faranti. Sannan ta fara dariya, irin wadda ke farawa daga kafaɗa, har ta dafa gwiwata.

“Yanzu mutane da hankalinsu suka zauna suka ƙirƙiro wannan? Me ake sa masa?”

“Madara.”

“Sai ki jira farar hula su dawo mulki.”

Ta fita, ta dawo da tunkuza da ɓarin mazarƙwaila. Ta daka, ta cuɗa, muka riƙa ɗurawa da ƙaramin cokali muna ci da zafinsa. Ba zan ce Faransawa za su gane abin ba. Muna kan na ƙarshe maigidana ya dawo, ya tsaya yana duban farantin.

“Malam, sannu da zuwa,” in ji ta, tana lasar yatsa. “Naka rabon yana ciki. Ramin ne, mun bar maka shi duka.”