Haƙƙin Masu Kala

A Iku na tashi, tun unguwar ba ta cika da gidajen haya ba. Da an yi sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu, Iya, ta ce, "Ga ta nan, mai kunne ya matso." Tatsuniyar da ta fi yi mana a lokacin girbi ita ce ta wani manomi mai shegen ƙwauro.

A al'ada, idan mai gona ya cire gyaɗarsa ya kwashe, ba ya komawa. Abin da ya saura a ƙasa na masu kala ne, wato tsofaffi da marasa gona, su tona su tsince ba sai sun nemi izinin kowa ba. Shi kuwa wannan manomi sai ya ɗauko rariya ya tankaɗe gonar kunya-kunya, don kada ƙwaya ɗaya ta kuɓuce masa. Tsofaffi suka zo da ƙoransu, suka koma da su wayam. Da shekara ta zagayo gyaɗarsa ta yi ganye shar, ya tuge, babu ko ɗa ɗaya. A nan Iya kan taɓe baki ta ce, "Ƙasa ta ce masa, ka hana baƙina, ni ma na hana ka. Ƙurunƙus."

Bara na ga jikan mai rariyar da idona, kuma yayana ne, Sale. Shi ke riƙe da guntuwar gonar da ba mu sayar ba. Mutum ya ajiye tumbi, yana da ɗakunan haya takwas, amma ya tsaya yana daka wa wata tsohuwa, Baba Ladi, tsawa, wai ta shigo masa gona sata. Tsohuwar nan tare muke cin abinci da ita, tun Iya na da rai take kala a wurin. Na raina shi ranar, har yau ban daina ba.

Ni kuma, uwar masu kirki, sai na auno gyaɗa tiya biyu na bi ta har gida, ina jin na fi shi. Ta dubi kwanon, ba ta miƙo hannu ba.

"'Yar nan, mayar da abinki. Ni kala nake yi, ba bara ba."

Sai a lokacin na gane abin da Iya take nufi. Mai kala guminta take ci, ba ta durƙusa wa kowa. Sale ya hana ta gyaɗa, ni kuma na je in sa ta durƙusa. Bana ba ta zo gonar ba.