Haƙorin Inna da ya daina ciwo

A Paki, zamanin Turawa, macen da haƙoranta suke fari fat ba ta sakin jiki ta yi dariya a gidan biki. Furen taba muke gogawa, mu bi da goro, har su yi jawur. Inna, mahaifiyata, ba ta da na biyu a wannan ado.

Wata damina, ina da goyon fari, saniyar da Inna take tatsa ta harbe ta a baki. Haƙorin gaba na sama bai fita ba, amma kwana bakwai tana fama da shi. Muka sa kanumfari, muka sa kanwa. Rana ta takwas ciwo ya ɗauke ɗif. Mu kuwa, wawaye, sai hamdala, wai ya warke. Ashe mutuwa ya yi. Mataccen haƙori toka-toka yake komawa kafin ya yi baƙi, to wa zai gani a ƙarƙashin fure? Ni da hannuna na ƙara goga mata ranar wani suna, ina tsokanarta wai ta fi amare kyau.

Bayan kaka ƙurji ya fito a dasashi, baki ya soma wari, kumatu ya kumbura. Aka kira wanzami daga Ikara. Ya ga haƙora jajaye duk iri ɗaya, ya ce, "Gwaggo, wanne ne mai ciwon?" Ta nuna na kusa da mataccen, don shi ke mata tsami in ta sha ruwan randa. Mataccen ba ya jin komai. Ya sa awartaki ya cire lafiyayyen.

Kumburi ya rufe mata ido, zazzaɓi ya kwantar da ita. Sai a lokacin muka aza ta a jaki zuwa wurin malamin asibiti a Makarfi. Ya goge furen da auduga, sai ga haƙori baƙi ƙirin.

"Baiwar Allah," ya ce da ni, "ina kuke tun damina? Wannan sai Zariya, kuma ban ga alamar za ta kai ba."

Haushinsa na ji, don gaskiya ya faɗa. Muka juyo gida. Kashegari wuya ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, ruwan da nake ɗiga mata da ludayi yana dawowa ta gefen leɓe. Kwana uku tana jan bakin zanena, akwai maganar da take so ta gaya mini. Har ta cika ban ji ko kalma ɗaya ba.