Guntuwar Wayar da Na Zare

Wata Juma'a ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, bayan an gama cire albasa an zuba a rudu, rumbun ajiyarta. Tun da aka sauko daga masallaci tsakar gidanmu na Konni ya fara cika. Da safe na share shi sau biyu, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa duk tabarmin da muke da su, na shiga maƙwabta na aro wasu, amma kafin la'asar har kan turmi da bakin rijiya akwai mai zama. Maza sun jeru a gindin dogon yaro, mata sun taru ta wajen madafa suna ƙus-ƙus, yara sun haye katanga suna lilo da ƙafafu. A tsakiya, kan teburin da Inna take jera kwanoninta, yayana Hamisu ya girke kwamfutarsa, wadda mu muke kira ordinatar. Ranar za a nuna Babanmu a tele, shi kuwa Baba ba ya gari.

Baba manomin albasa ne, garkarsa tana bayan gari. A can na yi rabin ƙuruciyata: in an tashi daga lakwal in ajiye jaka in bi shi, in riƙa buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali, in an yi cira kuma mu kwaso ganyen mu kawo gida, ni da Inna mu daka mu dunƙula gabu mu shanya a kan rufi. Hannuwana ba sa rabuwa da warin albasa, har ƴan ajinmu suka sa mini suna Ta-Gabu, na kuwa yi dambe a kan sunan nan ba sau ɗaya ba. Wata biyu kafin ranar, wasu masu ɗaukar hoto suka zo garka suka yi hira da Baba don shirin manoma. Da aka aiko da ranar da za a nuna, sai ta faɗa daidai lokacin da yake bin kamiyon, babbar motar albasa, zuwa Kurmi, kamar yadda ya saba duk shekara. Kwana uku kafin Juma'ar ya tafi. Yana ɗaure jakarsa a zaure ya ce wa Hamisu, “Ka kama mini shi cikin injin naka, in na dawo in ga yadda nike.”

Hamisu yana da ɗan shago kusa da tasha, yana zuba wa mutane waƙoƙi da wasanni a faifan sidi. Tsohuwar kwamfuta ce ya sayo daga Sakkwato, amma abin da yake taƙama da shi wani koren kati ne kamar tafin hannu da ya buɗe cikinta ya soka. Katin tele yake ce masa. In ya haɗa shi da wayar eriya, sai tele ta fito a fuskar kwamfutar, in ya danna wani jan ɗigo sai ta riƙa haɗiye duk abin da ake nunawa. Da shi yake kama kokowa da ƙwallo, da tafsiri in azumi ya zo, washegari ya zuba a faifai, waɗanda abin ya wuce su su zo su saya. A bayan akwatin akwai ramuka a jere, da wata guntuwar waya baƙa wadda ba ta kai taƙi ɗaya ba, ta fito daga wani rami ta koma na kusa da shi. Na sha kallonta in na kai masa abinci. A ganina wayar banza ce, tunda ba ta zuwa ko'ina, kuma ban taɓa tambaya ba don ni a lokacin gani nake babu abin da ban sani ba.

Mutum ɗaya ce ba ta cikin taron, Inna. Tana ganin dangin Baba sun fara shigowa, da yayansa Baffa Ila a gaba da sandarsa, sai ta auna gero a ƙwarya ta yafa mayafi. Akwai gari a gidan, ni na kai niƙa jiya-jiya, na kuwa faɗa mata haka a gaban mutane, don bakina ba ya shiru. Ta harare ni. Matar da ko sunan Baba ba ta taɓa kamawa ba, “mai gidan” take cewa ko “shi”, ina za ta zauna cikin surukai tana kallon fuskar mijinta? Matan suka yi ta tsokanarta, wata har ta riƙe mata gefen zane, ta zame tana murmushi. Da ta zo wucewa ta bayan Hamisu, na ji ta ce masa a hankali, “Ai ka ce yana ajiyewa ko? To na gani daga baya, in an watse.” Ta fice zuwa injin niƙa na can ƙarshen unguwa.

Ana saura kaɗan a fara sai iska ta taso, irin mai zafin nan ta bazara, ta juya eriyar da ke ɗaure a kan gora. Hoto ya koma yayyafi. Hamisu ya haye rufin ɗaki ya rungume gorar yana juyawa, muna yi masa ihu daga ƙasa har hoto ya dawo, amma da ya saki sai ya sake ɓacewa. Dole ya tsaya a can. Ya leƙo ya ce mini, “Balki, da kin ji kiɗan shirin ki danna jan nan. Kar ki taɓa komi baya.” Na zauna a kujerarsa ina hura hanci, ƴan ajinmu na kan katanga suna kallona. Kiɗa ya tashi, na danna. Sai ga garkarmu, ga rudu, ga Baba da hularsa ta saƙa da rigar da Inna ta wanke masa ranar. Amma ƴan sifikun kwamfutar ƙanana ne, ga iska, ga hayaniya. Baffa Ila, wanda dama kunnensa ya yi nauyi, ya kafa hannu a kunne yana cewa, “Mi ya ce? Ni ban ji komi.” Na baya suka fara gunaguni. Wata mata ta ce an tara mutane a rana don su kalli baki yana motsi.

Maganar nan ta ƙona mini rai. A gidanmu, a ce baƙi sun zo sun tashi ba su ji ba? Na ruga ɗakin Hamisu na kinkimo babbar rediyonsa ta shago, mai wayar da na sha ganin yana sokawa a bayan kwamfutar. Na leƙa, ramukan da bakinta zai shiga duk a cike. Sai idona ya faɗa kan guntuwar wayar nan. Na zare ta, na soka ta rediyo a gurbinta. Muryar Baba ta cika gidan har ta fita waje. Aka ɗauki shewa, Baffa ya daki ƙasa da sanda ya ce, “Yauwa, ɗiyar ga ta fi maza!” Na ji Hamisu yana ƙwala mini kira daga sama, sau uku, na ɗaga masa hannu. Na ɗauka yabona yake yi.

Mai hirar ya tambayi Baba me ya sa albasarsa take daɗewa a rudu ba ta ruɓe ba. Baba ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, sannan ya ce, “Wanga ba aikina ba ne. Iri na hannun mai ɗakina. Ita ka zaɓen uwar albasa, ita ka shanya iri, ita ka ajiye shi cikin tulu da toka. Tun da na aure ta ban sayi iri kasuwa ba. Ni ban-ruwa ɗai na iya.” Sai ya yi dariyarsa. Gidan ya kaure. Maza suna cewa Malam ya tona kansa a gaban duniya, mata suna guɗa suna neman Inna. Baba mutum ne da ko sannu ba ya yi mata in da baƙo a gidan, sai ga shi ya faɗi wannan ƙasa duka tana ji. Ni duk wannan bai dame ni ba a lokacin, hankalina yana kan ƴan ajinmu, in ga ko sun ji abin da Baffa ya ce a kaina.

Da aka watse, Hamisu ya sauko, hannuwansa sun yi jawur da riƙon gora. Ya zare wayar rediyon, ya mayar da guntuwar, ya buɗe abin da aka ɗauka. Ga Baba tsaf, yana sosa ƙeya, bakinsa yana motsi, shiru. Ya mayar baya ya sake, ya murɗa sifiku har ƙarshe, babu abin da ke fita sai huci. Ashe ta cikin guntuwar wayar nan murya take bi daga katin ta shiga kwamfutar. Da na zare ta, muryar ta tafi rediyo, ta shiga kunnen mutane, ta bi iska. Hamisu ya dube ni, na dubi ƙasa. Daidai nan Inna ta yi sallama da ƙwaryar gari a ka. Ina jira ya nuna ni, sai na ji ya ce, “Inna, katin ne ya yi gardama. Hoto ya kamu, murya ba ta kamu ba.” Ta ɗan tsaya, ta sauke ƙwaryar. “Ba komi,” in ji ta. “In ya dawo ya faɗa da bakinsa.”

Bai dawo ba. Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka bugo wa Baffa waya cewa kamiyon ya kife a hanyar dawowa, an yi wa Baba da abokan tafiyarsa sutura a can. Ko gawarsa ba mu gani ba. Tabarmin da na aro ranar Juma'ar nan su na sake arowa don zaman makoki, mutanen kuma su ne dai. Masu gaisuwa suna ta ce wa Inna ai ko bai bar komai ba ya bar mata shaida a gaban duniya, kowa da yadda yake maimaita maganar, wani ya ƙara wani ya rage. Ita kaɗai ce a unguwar ba ta ji ba. Hamisu ya yi watanni yana rufe shago duk Juma'a da la'asar, ya zauna gaban kwamfutar, yatsa a kan jan ɗigo, ko za a maimaita shirin. Ba a maimaita ba. Ni kuwa na daina gaɗa, na daina carafke, in aka ce mini Ta-Gabu ma ba na tankawa. Mushenmu, malamin ajinmu, ya aika gida a tambaya ko ba ni da lafiya.

Sai da Inna ta fita takaba sannan wata rana da hantsi, gida ba kowa, ta sa Hamisu ya kawo injin ɗakinta. Ya kunna ya fita. Ta kira ni ta ce, “Ke ce kusa ranar. Zauna ki faɗa mini, nan mi ya ce?” Na zauna, Baba yana motsa baki ina bin sa da kalmomi. Da na zo kan “mai ɗakina” sai ta ce in sake. Na sake. Da ya yi dariya ban san yadda zan yi ba, sai muka tsaya mu biyu muna kallon haƙoransa. Daga ranar abin ya zama namu. Duk shekara in ta gama zuba iri a tulu ta rufe da toka, sai ta wanke hannu ta ce in ɗauko faifan. Ban taɓa jin nauyin wani aiki a gidan nan kamar wannan ba, kuma ban taɓa cewa a'a ba.

Sai da na yi aure na haifi ɗiyata ta fari sannan na iya faɗa mata. Na zo wanka gida, tana gasa mini nama a bakin murhu, na ce, “Inna, ba katin ba ne. Ni na zare waya.” Ba ta ko ɗago ba. Ta ce ta sani tun ranar, don tun kafin ta iso gida mata suka tare ta a hanya suna yaba mata yadda na gyara murya, Hamisu kuma tun yana yaro bai iya ƙarya ba. Na ce to me ya sa ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ni da ake duka a kan fasa ƙwarya? Ta juya naman ta ce, “Da kin bari Baffanku ya tashi bai ji ƙanensa ba, shi ma da bai ƙara jin shi ba har abada. Ni ce na tafi niƙan da ba a sa ni ba.” Na yi kuka ranar fiye da wanda na yi a makoki.

Yanzu shagon Hamisu na waya ne, koren katin ya daɗe da shiga shara. Kowa yana yawo da abin ɗaukar murya a aljihu, mutane suna aika wa juna magana su goge don wuri ya cika. Ni ba na gogewa. Wayata cike take da muryar Inna tana tambaya ko na ci abinci, tana faɗan tsadar iri, har saƙon da ta aiko mako guda kafin ta rasu. Hoton Baba ma Hamisu ya zuba mini a ciki, minti huɗu da ƴan kai. Kwanan baya ɗiyata ta gan shi ta ce, “Mama, me Kaka yake cewa?” Na faɗa mata duka, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Sai ta ce, “Muryarsa babba ce ko ƙarama?” Na buɗe baki in ba ta amsa, na lalubo cikin kaina, na tarar tawa ce kawai a wurin. Kalmomin suna nan, amma na manta yadda Baba yake faɗinsu.