Matar da Ta Kulle Sabulu a Kabad

Ƙarfe bakwai na safe Gwaggon Kwalabe ta riga ta ɗora ruwan zafi a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, tana ɗauraye kwalabe sau uku-uku. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, ita kuwa ko a jikinta.

Aikin sashen nasu shi ne ƙera 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A zuba ɗigon mai mai ɗauke da magani cikin ruwa, garin roba ya kewaye kowane ɗigo, a ɗumama shi ya manne ya zama ɓawo. Shekara huɗu ɓawon nan yana fashewa kafin kwana biyu. Farfesa ya zargi na'ura, ya zargi zafi, ya zargi ɗalibai.

Gwaggo ce ta lura. Ranar da sabulu ya ƙare ta yi wanki da ruwan zafi zalla, sai ƙwayoyin da aka haɗa a kwalaben nan suka yi wata guda lafiya lau.

"Ranka ya daɗe, sabulun ne," ta ce wa Farfesa. "Ko kaɗan ya rage a kwalba, shi ke korar garin daga jikin man."

"Baiwar Allah, ki tsaya a wankinki," in ji shi, ɗalibai na dariya.

Ta tsaya a wankinta kuwa, amma ta kwashe sabulun ta kulle a kabad. Fashewa ta tsaya cak. Aka buga takardar bincike mai sunaye bakwai, har da na wanda bai taɓa riƙe kwalba ba, babu nata. Ranar karɓar lambar yabo ita aka sa raba wa baƙi ruwa. Wallahi abin nan yana ƙona min rai har yau!

Ke ce kika gani, Gwaggo. Ke ce mai ido, mai haƙurin da ya wuce ƙima.

Jibi za ta ajiye aiki. Jiya, ba kunya, Farfesa ya aiko sakatarensa wai ta rubuta yadda take wanki, zai sa a sabuwar takardarsa. Ta rubuta tsaf, shafi biyu, ta ɗora sunanta a sama.

"Malam, ka faɗa masa," ta ce, "in za a cire layin sunan nan, a dawo min da abina."

Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka. Ku kuma masu wanki da shara a bayan manya, ku yi koyi da aikinta. Amma don Allah kada ku jira sai ana gab da sallama kafin ku buɗe baki.