Gurbin Shuka a Jadawalin Malam Mudi

Na san Malam Mudi a ƙarshen 1980, wata uku bayan dawowata daga Ingila, inda na yi shekara shida ina karatun injiniya. An turo ni Funtua in kula da aikin wata sabuwar hanya mai mil ashirin da takwas, wadda za ta ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Gozaki da Danja. Ni ina ofis, shi ke duba aiki a daji. Ranar da aka haɗa mu na miƙa masa kujera. Ya dube ta, ya ce, "Injiniya, faɗi abin da za ka faɗa, a tsaye ma ina ji."

Mutumin Gozaki ne, siriri, ya haura hamsin. Tun yana ɗan shekara goma sha bakwai ya fara ɗaukar kwanon-sarki a aikin hanya zamanin En'e, daga nan ya zama shugaban leburori, har ya kai ga duba aiki. Boko a ajin yaƙi da jahilci ya koya, Turanci kuwa a bakin direbobin gireda ya tsince shi. Matarsa Hajjo ta taɓa ce mini ko tuwo a tsaye yake ci, hannu ɗaya na kan keke. Kafin in iso ofis da safe ya riga ya zagaya mil biyar, ya leƙa kowace kwalbati.

A farkon 1981 takarda ta zo daga sama. Duk ma'aikacin da ke duba babban aikin hanya sai ya yi kwas na sati shida a Kaduna kan tsara aiki, ya samo takardar shaida. Wanda ya faɗi za a cire shi daga hanya a mai da shi sito. Na karanta masa, na fassara.

"Sito," in ji shi. "Wato in zauna ina gadin shebur da diga har in yi ritaya?"

Na ce haka takardar ta nuna. Ya hau kekensa, ya je ya dawo, ya tambaye ni yaushe ne tafiyar.

Tare muka tafi a watan Afrilu, don ni ma takardar ta shafe ni. Ajin na da fanka ɗaya da mutum talatin. Malam Mudi ya zaɓi kujerar ƙarshe ta bakin taga, amma da wuya ya cika rabin awa a kanta. Sai ya miƙe, ya jingina da bango, ya leƙa sama ta gabas, ya dawo. Malaminmu Mista Clement ne, haifaffen Funtua, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi a lokacin. Mahaifinsa ɗan kudu ne mai sayar da kayan keke, Malam Mudi kuwa ya san shagon.

"Baba, kujerar ƙaya gare ta?" in ji Mista Clement a rana ta biyu.

"Ɗan Mai-kayan-keke, kai dai ci gaba. Kunnena na zaune, ƙafata ce ta ƙi."

Abin da aka koya mana shi ne zana jadawali. Kowane aiki, daga sharar daji zuwa zuba marmara da shimfiɗa kwalta, a ja masa layi daga ranar farawa zuwa ranar gamawa, a rubuta masu yinsa, a nuna aikin da ke jiran wani. Malam Mudi ya kama wannan da sauri fiye da yadda na zata. Ya ce ai abin da yake yi ke nan da kai, yanzu ne kawai aka ba shi rula.

Jarrabawar ƙarshe ita ce kowa ya zana jadawalin hanyar da yake dubawa. Hanyarmu ɗaya ce, amma nawa ya fito wata goma sha ɗaya, nasa goma sha shida. Da na duba nasa sai na ga gurabe fari fat, wani sati biyu, wani uku, babu layi ko ɗaya. Dokar jarrabawar kuwa ta ce duk satin da aka bari babu aiki, faɗuwa ce. Mista Clement ya mayar masa da takardar, ya ba shi kwana uku.

Da la'asar na same shi yana kai da kawo a bayan masaukinmu. Na ce, "Malam, ga nawa, ka duba ka gyara naka. Ka karɓi takardarka, in mun koma sai ka yi yadda ka saba."

Ya tsaya. "Injiniya, leburorinmu nawa?"

"Ɗari da arba'in."

"Ranar da ruwan shuka ya sauka, washegari tara za ka gani, su ma don ba su da gona ne. Haka a noman farko, haka a girbin dawa, haka a cirar auduga. Kai za ka ɗauki kwanon-sarkin? Shekara talatin ban taɓa hana mutum zuwa gonarsa ba, ni ma can nake nufa. Yanzu in ja layi in ce ana zuba marmara, in sa hannu a ƙasa?"

Na ce to sito fa. Ya ce ya sani, ya ci gaba da tafiyarsa.

Na zauna ina tunani. Ni ma ɗan manomi ne, na yi shuka da ƙafata kafin in tafi makaranta, amma ko sau ɗaya damina ba ta faɗo mini a rai ba lokacin da nake zana nawa, sai a matsayin ruwan da ke hana kwalta kamawa. Duk da haka ban taɓa jadawalina ba. Ya riga ya ci maki mai kyau.

Kwana biyu bai shigo aji ba. Ina hango shi ta taga yana zagaye filin ƙwallo, takarda a naɗe a hammata. A rana ta uku ya shigo ya shimfiɗa ta a teburin Mista Clement. Har yanzu wata goma sha shida ce, amma babu gurbi ko ɗaya. A kowane fili ya ja layi da rula, ya sa suna: shuka, noman farko, maimai, girbin dawa, cirar auduga. A gaban kowanne ya rubuta masu yi: leburori ɗari da talatin da ɗaya.

Mista Clement ya cire tabarau. "Baba, wane ne ɗan kwangilar shuka?"

"Allah ke sa rana, mu mu yi aiki."

Aji ya fashe da dariya. Mista Clement bai yi ba. "Wannan ai ba aikin hanya ba ne."

"Kai ka ce kowane aiki sai da suna, da farko, da ƙarshe, da masu yi, da wanda ke jiransa. Wanne na rasa? Ga marmara nan tana jiran shuka, na ja mata kibiya."

"To ranar ruwan fa, wa ya gaya maka?"

"Babu. Na bar masa kwana goma gaba da baya, kamar yadda ka ce a bar wa siminti in yana hanya."

Mista Clement ya buɗe littafinsa, ya juya shafi, ya sake juyawa. Can ya ce ya tuna shagon babansa ma fayau yake zama in an yi ruwan farko. Ya ɗauki jan biro ya rubuta maki hamsin da biyu, alhali hamsin ake nema.

Da muka koma, jadawalina aka amince da shi a sama, don shi ne gajere. Hanyar ta ɗauki wata goma sha bakwai, ni kuwa na kwashe rabin shekara ina rubuta wasiƙun bayani. Malam Mudi bai taɓa tuna mini ba. Ya ci gaba da duba hanya har ya yi ritaya a 1988, bai yini a sito ko sau ɗaya ba.

Ina da hoton da aka ɗauka ranar raba takardu. An jera mu a kan kujeru, mai hoto yana gyara ƙafar kyamararsa, sai hadari ya taso baƙi ƙirin daga gabas. Malam Mudi ya naɗe takardarsa ya zura a aljihu, ya ce mini, "Injiniya, ka same ni a Gozaki," ya nufi tasha. Kujera ta huɗu daga hagu, wadda babu kowa a kanta, tasa ce.