Alƙali da Lasifikun Hagu

Yayana mai aski ne, amma in kana son ka ɓata masa rai, ka faɗi haka ka yi shiru. A wurinsa aski hanyar cin abinci ce kawai, ainihin baiwarsa kuwa tana kunne. Tun muna yara haka yake. In rediyon babanmu ta fara shaƙewa, kafin kowa ya taɓa ta zai ce batir ne, ko eriya ce, kuma sau da yawa maganarsa ke fita. Da ya girma ya buɗe shago, maimakon ya sayi kujerar aski ta biyu sai ya sayi lasifika ta uku. Har gobe kujerar nan ɗaya ce tal, mutane na layi a kan benci.

Alƙali ake kiransa a layinmu, kuma bai taɓa taka kotu ba. Sunan ya samo asali ne daga masu sayen kayan sauti. Duk wanda zai sayi lasifika sai ya roƙi mai kanti ya ba shi aro, ya kawo wa Yaya ya saurara. Zai karkata kai, ya runtse ido, sannan ya yanke hukunci. «Wannan da hanci take magana, mayar musu.» Ko kuma, «Wannan ta ƙoshi, biya ka ɗauka.» Ba a ɗaukaka ƙara. Ni ƙanwarsa ce, tela, kuma falle ɗaya na katako ne ya raba shagona da nasa, saboda haka duk shari'ar da aka yi a can ina cikin 'yan kallo ko ban so ba.

Akwai wata mawaƙiyar zamani da kundin waƙoƙinta ya cika wayoyin mutane, har yaran da ba su iya magana sosai ba suna rera shi. Sai aka sake fitar da kundin a sabon tsari, wanda ake kira sauti mai kewaye. Wato maimakon komai ya fito ta gabanka, an raba wa kowane kayan kiɗa gefensa, ganga a nan, jita a can, 'yan amshi a bayanka. Aka ce kuma an tace shi ƙwarai, har jan numfashin mawaƙiyar ana ji. Yaya ya ji wannan labari, barci ya ƙaurace masa. Ya kafa lasifika biyu a gefen madubi, ɗaya a samansa, biyu a bangon baya, ga wata ƙatuwa mai gurnani a ƙarƙashin benci. Ya ari tef ɗin awona don ya tabbatar kujera ta zauna a tsakiya cif. Tef ɗin nan ban sake ganinsa ba.

Daga ranar shagon ya zama majalisa. Duk wanda ya zauna a kujerar, kafin a kakkaɓe masa gashi sai ya faɗi ra'ayinsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Malamin lissafi na makarantar bayanmu ya ce shi abin da ya burge shi shi ne yadda yake jin yatsun mai jita suna zamewa a kan tsirkiya. Mai kemis ya ce duk surutu ne, shi kunnensa bai ga bambanci da na waya ba, an dai sake wa tsohuwar mota fenti. Wani ɗalibi ya ce ji ya yi kamar an ɗauke shi an dasa a tsakiyar makaɗan. Direban bas, wanda ya fi kowa daɗewa yana aski a wurin, ya ce shi bai so ba sam. «Wuni nake fasinja na surutu a ƙeyata, yanzu kuma na zo hutawa a sa mini wasu a baya?» Wani tsoho da ya yi ritaya daga gidan waya ya fi kowa ba ni dariya. Ya ce a zamaninsu mawaƙi gabanka yake tsayawa ya dube ka, wanda kuwa ya koma bayanka yana waƙa, gulmarka yake yi.

Amma akwai waƙa ɗaya da duk suka haɗu a kanta, masu yabo da masu kushe. A cikinta muryar mawaƙiyar takan fara daga gaba, ta gangara ta hagu a hankali, ta ratsa ta baya, ta zo ta ƙare da raɗa a kunnen dama. Har mai kemis sai da ya yarda cewa tsigar jikinsa ta tashi a wurin.

Kowa na jiran hukuncin Alƙali. Da ya tashi yankewa, sai ya ce damfara ce.

«Babu wani kewaye,» in ji shi, yana kaɗa buroshi a iska. «Sun tattara komai sun jibge a dama, sun bar hagu fayau. Ku dai an gaya muku tana yawo, shi ya sa kuke jin tana yawo. Ni ba a yi mini wannan.»

Malamin lissafi ya ce, «Haba Alƙali, ai ga ta nan tana wucewa ta kafaɗata.»

«Malam, kai dai tsaya a kan lissafinka.»

Da mutane suka ƙi sauka daga maganarsu, sai ya juya kan kayansa. Ya canja wayoyin hagu. Ya sauko da lasifikun hagu ya mayar da su dama, na dama suka koma hagu, abu bai canja ba. Ya buɗe amfilifaya, akwatin da ke tura wa lasifikun sauti, ya hure ƙura. A ƙarshe ya kama ƙara wa ɓangaren hagu murya, yau kaɗan, gobe kaɗan, yana cewa gyara musu kuskurensu yake yi. Bangon hagun nan kuwa shi ne katakon da ke bayan keken ɗinkina. Allurai na rawa a cikin gwangwani, ni ina cizon yatsa.

Ba ƙarar ce ke damuna ba. Na san abin da ke faruwa, kuma na daɗe da sani. Na lura ya daina kara waya a kunnen hagu. In muna tafiya a titi, sai ya zagaya ya sa ni a damansa ba tare da ya san ya yi ba. Matarsa ta taɓa kawo mini ƙara cewa ya koyi wulaƙanci, tana magana yana share ta. Na tambaye ta ta wane gefe take zama a kan doguwar kujerar falonsu. Ta dube ni, na dube ta. Daga nan muka gane, kuma babu wadda ta iya tunkarar sa. Yaya za ka gaya wa mutum cewa abin da yake tinƙaho da shi duk rayuwarsa rabinsa ya tafi? Tsoro nake ji, gaskiya. Ina ganin in aka cire masa sunan Alƙali, mutumin da zai rage ba zai iya ɗaga kai a layin nan ba.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Wata safiya direban bas ya zo aski, zai je ɗaukar hoton sabon lasisi. Benci a cike. Yaya na gyara masa gefen kai, kundin na tafiya, sai wata ganga ta fashe daga lasifikar baya ta hagu kamar an doka ƙofar ƙarfe. Direba ya zabura ya fizge kai. Injin aski ya ja masa titi tun daga saman kunne har tsakar ka.

Na ji ihun ta cikin katako, na fito da gudu. Direba na tsaye gaban madubi da ƙyalle a wuya, yana nuna kansa. «Dubi abin da ka yi mini! Tun yaushe muke gaya maka hagun nan zai kashe mu? Alƙali, anya ba kunnenka ne ya yi ritaya ba?»

Yaya ya yi wata irin dariya mai ƙarfi, wadda babu wanda ya taya shi. Dole aka yi wa direba ƙwal-kwabo, ya fita yana shafa kai yana mita. 'Yan benci suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da wani aiki.

Da rana ta take, na rufe shagona na shiga nasa. Yana zaune a ƙasa, ya sake buɗe amfilifaya.

«Yaya, rufe abin nan. Mayar da hagu da dama daidai, yadda suka zo.»

«Ke kuma me kika sani a kan sauti?»

«Ban san komai ba. Hau kujera.»

«Ni za ki yi wa aski?»

«Na sani, wanzami ba ya son jarfa. Hau dai.»

Ya yi tsaki, amma ya daidaita maɓallan ya hau. Na kunna waƙar nan mai yawo. Na ce ya rufe ido ya nuna mini da yatsa inda muryar take. Ya miƙa hannu dama. Muryar ta gangara hagu, ina jin ta sarai tana wuce ni, hannunsa bai motsa ba.

«Kin gani ko?» ya ce, idonsa a rufe. «Tana nan inda suka ajiye ta.»

Na mayar da waƙar farko. Na kama bayan kujerar na juya ta a hankali, har ya ba madubi baya yana fuskantar ƙofa.

«Yanzu fa, ina take?»

Ya sake miƙa hannun damansa, babu ko shakka.

«Buɗe idonka, Yaya.»

Ya buɗe. Yatsansa na nuna bangon hagu, daidai lasifikar da ya yi makonni yana cewa babu komai a cikinta. Ya daɗe yana kallon yatsan. Ya sauke hannun, ya toshe kunnen dama da tafinsa, ya saurara. Na ga fuskarsa ta canja, wallahi sai da zuciyata ta karye.

«Tun yaushe kika sani?»

«An jima.»

«Ke da wa?»

«Ni da matarka.»

Na zaci kuka zai yi. Ashe faɗa ne. «Shi ne kuka zuba mini ido ina zagin bayin Allah da suka yi aikinsu daidai? Kuka bar ni na fasa wa mutane kunne, na ɓata kan direba? Wannan ai ba tausayi ba ne, ƙanwata, mugunta ce.» Gaskiyarsa ce.

Matarsa ta raka shi asibiti. Likita ya ce kunnen hagu ya yi nisa, ba a sa ran dawowarsa, na dama kuwa lafiyarsa ƙalau in zai kiyaye shi daga ƙara. Yaya ya dawo ya ci gaba da aski, amma bai kunna komai ba. Ni da nake ƙorafin allurai na rawa, sai ga shi shirun nan ya fi damuna. Kukan inji kawai nake ji ta katako, da gaisuwa sama-sama. 'Yan benci ma sun rage hira, kamar masu zaman jiran likita.

Sai da gashinsa ya tsiro sannan direba ya dawo, yana wani sunne kai saboda maganar da ya faɗa. Ina jin muryarsa na leƙo. Yaya ya ɗaura masa ƙyalle, sannan ya juyo ya fuskanci benci, ƙirji a buɗe kamar yadda ya saba.

«Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Direba ya yi gaskiya, kunnena na hagu ya ajiye aiki. Na dama yana nan, kuma har yanzu ya fi naku duka in an haɗa. Duk mai lasifika ya kawo, zan gaya masa ko da hanci take magana. Amma batun gabas da yamma, wannan na bar muku.»

Tsohon gidan waya ya ce, «To ai alƙali ma da shaidu yake aiki.» Aka fashe da dariya, har da direba.

Yaya ya ɗauki rimot. «Sabuwar doka. Wanda ke kan kujera ba ya motsa kai. In ka ji abu, fito da yatsa ta ƙarƙashin ƙyalle ka nuna.» Ya dafa kafaɗar direba. «Kai da ka fi kowa tsanar waƙar nan, kai za ka fara. Nuna mini inda take bi.»

Waƙar ta tashi, a hankali wannan karon. Direba ya fito da yatsa ya nuna madubi. Yaya ya kashe injin aski. Yatsan ya soma tafiya, ya bi ta kan kwalaben man gashi, ya gangara bangon hagu, Yaya na bin sa da ido kamar mai kallon wani na wucewa a titi. Da hannun direba ya kasa lanƙwasawa, sai malamin lissafi ya karɓa daga benci, ya nuna ƙofa, mai kemis ya ɗora nasa.

«Ga ta nan a bayanka, Alƙali,» direba ya ce a hankali. «Tana zuwa.»

Raɗar ta sauka a dama. Wannan kam ba ya bukatar kowa ya nuna masa. Ya tsaya cik har ta ƙare, sannan ya goge ido da bayan hannu, ya ce gashi ne ya faɗa masa.

«Ashe doguwar hanya take biyowa kafin ta iso wurina,» ya ce. Ya kunna injin. «Na janye hukunci, aikin ya yi. Riƙe kanka da kyau, direba.»