Ranar da Kaka ta buɗe tagar ɗakin jego

Yau da safe wata tsohuwa ta riƙe mini hannu a asibiti ta ce, "Ɗiyata, tun ɗazu na'ura kike kallo, alhali ni ce mara lafiyar." Ina rubuta maganar a littafina sai na tuna garinmu, Wad Haddad.

Ina yarinya, lokacin cirar auduga, Inna ta haifi autanmu. Kaka ta toshe taga da tsumma, ta sa garwashi ƙarƙashin gado, kullum ga kunun kanwa, yadda aka yi mata ita ma. A kwana na tara ƙafafun Inna suka kumbura, numfashi ya fara gagararta.

Sitt Nafisa, nas ɗin garinmu, ta zo a kan jaki. Ba ta ko buɗe jakarta ba, zama ta yi tana ƙirga numfashin Inna.

Can ta ce, "Ya Hajja, a fitar da wutar nan, a buɗe taga, a daina kanwa."

Kaka ta ce, "Sanyi ya kama maijego? Tara na haifa a kan wuta!"

"Allah ya raya su, ya Hajja. Ara mini wannan maijegon na kwana uku. In sanyi ya kama ta, ni zan hura wutar da bakina."

Kaka ta yi tsaki, ta cire tsumman da kanta. Inna ta tashi, har jikoki ta goya.

Na daɗe ina aikin jinya, amma ban tabbata na iya irin wannan zaman ba. Ku fa, wa ya taɓa jinyarku haka?